Lantarkin Kashin Shanu na Injiniya Ohonos

A ƙauyenmu Hatin-Tumus, can ƙuryar arewacin Yakutiya, ƙasar sanyi da ƙanƙara, inda hanya take gajiya ta koma, injiniya ɗaya tak muke da shi, kuma shi ya naɗa kansa. Sunansa Ohonos. Da ƙuruciyarsa ya taɓa zuwa kudu aiki a inda ake gina wata babbar madatsar ruwa, ya yi bazara ɗaya ya dawo. Waɗanda suka je tare da shi sun ce aikinsa ɗaga sandar ƙofa ne idan mota za ta shiga, da sauke ta idan ta wuce. A bakinsa kuwa, ko cokali ɗaya na siminti ba a zuba a madatsar nan ba sai da aka nemi shawararsa.

Wutar ƙauyen daga wani tsohon inji mai shan dizal take zuwa, shi kuma dizal manyan motoci ke kawo shi ta kan kogi idan ya daskare. A hunturun da nake ba ku labari, kogin ya yi taurin kai. Ƙanƙararsa ta ɗauki ƙananan motoci, amma ta ƙi yin kaurin da za ta ɗauki tankokin mai. Sai shugaban ƙauye, Suwodar, ya tara mu a ɗakin taro ya ce daga yau wuta ta zama magani: kaɗan da safe don tatsar shanu, kaɗan da yamma don yara su ga bakinsu. A lokacin kuwa rana ba ta fitowa, leƙowa kawai take yi ta ga ko muna nan, ta koma.

Ohonos ya miƙe, ya gyara hularsa ta fatar dila.

"Jama'a, ku gafarce ni, kunya ce ta hana ni zama. Gari da injiniya a cikinsa, a ce yana lalube cikin duhu?"

Maƙwabcinsa Kirgelai, wanda katanga ɗaya ta raba su tun suna samari, ya waiga hagu ya waiga dama. "Yaushe ya iso? Ai da an faɗa mana mun je tarya."

"Yi dariyarka, maƙwabci. Ranar da na haska garin nan, gidanka zan bari a duhu don a riƙa nuna wa yara yadda aka yi zaman da."

Da farko injin iska ya ƙera. Ya yanka tsofaffin ganguna ya yi fukafukai, ya ciro kayan cikin wata matacciyar tarakta, ya kafa abin a kan rufin ɗakinsa. Abu ɗaya ya manta. A tsakiyar hunturunmu iska ba ta motsi. Hayaƙin murhu miƙewa yake yi sama sambal kamar an kafa turke. Injin ya tsaya cik, hankaki suka mai da shi wurin hira.

Kirgelai ya leƙo ta kan katanga ya ce, "Injiniya, ni fa ina da dabara. Hau sama ka tsaya gabansa ka ba shi labarin madatsar ruwa. Iskar da za ta fito ta ishe mu har gunduma."

"Gwaji ne," in ji Ohonos. "Na gwada iskar garin nan, na same ta da lalaci. An wuce wurin."

Inda aka wuce zuwa shi ne bayan garken shanu. Kowace safiya matanmu suna kwashe kashin shanu daga ɗakin garke, su tara shi a kan amalanken ƙanƙara, kafin a sha shayi ya daskare ya zama dutse. Balbak muke ce masa. A bayan kowane gida akwai tsauninsa, kuma kowa ya san irin gaisuwar da tsaunin yake yi wa hanci idan ƙanƙara ta fara narkewa. Ohonos ya taɓa gani a talabijin cewa a ƙasashe masu zafi ana zuba irin wannan a tanki, ya ruɓe, ya ba da iskar gas, a yi girki da ita har a tayar da inji.

"Su da shanunsu ramammu ke nan," ya ce mana a gaban shago. "Mu kuwa arziki muke jibgewa a bayan gida muna toshe hanci. Duk mai balbak ya kawo mini. Zan mai da shi haske."

Tun da aka kafa Hatin-Tumus ba a taɓa ganin haɗin kai irin na wannan mako ba. Mutanen da ba sa gaisawa sun kama wa juna amalanke. Tsofaffin da suka ce bayansu ya hana su zuwa aikin gayya, sai ga su suna jan kaya da gudu. Kafin a ce haka, farfajiyar Ohonos ta cika har ba a hango tagarsa.

Matarsa Balbara ta fito da bokitin madara, ta tsaya ta dubi ganuwar da aka yi mata.

"Tsoho, mene ne wannan?"

"Jari ne, tsohuwa."

"Na auri mutum, na yi tsammanin abin da zai tara mini dawakai ne. To, ba laifi. Kowa da abin da yake jawowa."

Ya farfasa balbak da gatari, ya cika gangunan dizal da suka ƙare, ya haɗa su da bututu, ya ɗaura tub ɗin tayar tarakta a ƙarshe don ya tara iskar. Ya zauna jira. Kashin ya zauna shi ma. A sanyin da mutum zai tofa yawu ya ji ya faɗi ƙasa da ƙara, babu abin da ke ruɓewa, ko gulma sai an shiga ɗaki take yaɗuwa.

Ohonos ya ce ɗumi gangunan suke so. Ya lulluɓe su da barguna. Shiru. Ya ƙara da tsohuwar rigar fatarsa. Shiru. Daga nan idonsa ya faɗa kan shanu. Shanunmu idan za su fita shan ruwa a ramin ƙanƙara, ana ɗaura musu 'yar rigar fata a hantsa don kada sanyi ya ƙone nonon. Balbara da hannunta ta ɗinka nata, da fatar zomo. Washegari ta shiga garke ta tarar da shanunta tsirara, ta zagaya baya ta ga kowane mahaɗin bututu sanye da rigar nono.

Ba ta ɗaga murya ba. Balbara ba ta taɓa ɗaga murya, shi ya sa ake tsoronta.

"Ohonos, bututunka ya fara ba da madara ne?"

"Mahaɗin ne yake daskarewa. Ba za ki gane ba, harkar matsin iska ce."

"Na gane. Idan nonon saniyata Baƙa ya tsage, kai za ka tsuguna in tatsa."

Ya mayar da rigunan kafin shayi ya huce.

Ana cikin haka saƙo ya zo cewa 'yarsu da ke aure a birnin gunduma ta haihu. Balbara ta shirya za ta bi ƙaramar motar da ke ratsa kogi. Kafin ta fita ta ciro wani mabuɗi daga wuyanta, ta riƙe shi a sama, ta daɗe tana duban mijinta kamar mai shirin ba kare ajiyar tsoka.

Mabuɗin bulus ne. Bulus rumbu ne da ake haƙawa a cikin ƙasar nan tamu da ba ta narkewa rani da damina, kuma na Balbara babu irinsa a ƙauyen. Mahaifinta ne ya haƙa shi, da matakala mai zurfi da ɗaki biyu, bangonsa na ƙyalli kamar gilashi. Rabin gidajen layinmu a nan muke ajiye abin da za mu ci da bazara: naman dukushi, wato ɗan doki, da aka yanka farkon sanyi, da kason kifin da aka raba ranar jan taru, da agwagin daji. Nawa ma yana ciki. Idan wannan ya lalace, sai dai mu yi bazara muna kallon sauro muna shan ruwan shayi, don ba a sake yanka sai wani sanyin ya zagayo.

"Ka san aikin," in ji ta. "Yanzu da sanyi ya kai matuƙa ake buɗe ƙofofin a bar shi ya shiga ya zauna. Ka yayyafa wa bango ruwa. Shi ke nan. Kada ka gyara komai. Kada ka inganta komai. Kada ka yi tunani a ciki."

"Tsohuwa, mutumin da ya tare kogi guda za ki koya wa buɗe ƙofa?"

"Buɗe ƙofa kam na ji an ce ka ƙware. Shi ya sa na yarda. Ka ƙona rufin gidan, ka sayar da gadon, duk zan iya haƙuri. Amma idan na dawo na tarar kifi ɗaya ya yi laushi a rumbun babana, ka nemi wurin kwana wajen Baƙa."

Mota ta tashi. Ohonos ya ɗauki bokiti ya sauka bulus da niyyar kirki. Yana isa ƙasa ya ji abin da kowa yake ji idan ya shiga rumbu a tsakiyar hunturu: ɗumi. Ba ɗumin gaske ba ne, nama a daskare yake kamar ƙarfe, amma idan ka fito daga sanyin da ke waje, sai ka ji kamar ka shiga ɗakin amarya. Ya cire safar hannu. Ya dubi ɗakin farko, wanda babu kaya sosai a cikinsa. Ya yi abin da aka hana shi. Ya yi tunani.

Kafin rana ta leƙo ta koma, gangunan sun sauka ƙasa. Ya rufe ƙofofin ruf don kada ɗumin ya gudu. Da ya ga kashin bai motsa ba, ya ce saura ƙiris, ya sauko da murhun ƙarfe, ya zura bututun hayaƙi ta ramin shan iska, ya cika shi da itace.

Tsohuwa Okulina, gwaggon Balbara, ita ta fara ganin hayaƙi yana fitowa daga ƙasa. Haƙarƙarin dukushinta mafi ƙiba yana ciki. Ta zo tana dogara sanda, Kirgelai na biye da ita don kada a yi abin dariya babu shi.

"Ɗana, ko idona ne, ko kuwa rumbun ɗan'uwana ne yake shan taba?"

"Inna, kwantar da hankalinki. Murhu yana ɗakin farko, nama yana ɗaki na biyu. Na rataya fatar doki a tsakani."

"Fatar doki," in ji Kirgelai. "To ai magana ta ƙare. Zafi yana ganin fatar doki zai yi sallama ya koma."

"Zafi sama yake tashi, jahili. Nama kuwa a gefe yake. Ka taɓa ganin hayaƙi ya tafi gefe? Kimiyya ce, ba ni na ƙirƙiro ta ba."

"A buɗe in ga haƙarƙarina," in ji Okulina.

"Idan na buɗe, matsin zai zube, aikin wata guda ya tafi a banza. Inna, saurara. Idan wuta ta samu, dare da rana ce. Talabijin ɗinki ba zai ƙara mutuwa ana tsakiyar wasan da kike kallo ba. Kuma ke ce ta farko da zan sa a kawo wa firji."

"Me zan yi da firji?"

"Ki sa nama ya yi sanyi."

Okulina ta dubi dusar ƙanƙarar da ta kai mata ƙugu, ta dubi Ohonos. Amma maganar talabijin ta riga ta shige ta. An ɗauke wuta ana gab da bayyana wanda ya sace jaririyar a wasan, kuma tun ranar ba ta da sukuni. Ta juya ta tafi tana cewa ita dai ba ta ga komai ba. Kada in ɗora wa tsohuwa ita kaɗai. Duk layin mun ga hayaƙin nan. Amma duhu ya ishe mu, kuma mutum idan yana son abu, sai fatar doki ta zame masa bango.

Daga nan alamu suka fara zuwa, Ohonos yana yi wa kowace fassara. Dusar da ke kan tudun rumbun ta narke, baƙar ƙasa ta bayyana tana tururi: ya ce ƙarfin aikin ne. Karnukan ƙauyen gaba ɗaya suka ƙaura suka tare a kan tudun, suna shinshina suna lumshe ido: ya ce dabba ta fi mutum gane ci gaba. Turken katangar Kirgelai ya karkata.

"Injiniya, katangata tana yi wa gidanka ruku'u."

"Ta san abin da ya dace. Kai ne ka rage."

Sai kuma abin mamaki ya faru: tub ɗin taya ya kumbura. Ohonos ya kwance bakinsa, ya kawo ashana, wata 'yar wuta shuɗiya ta tsaya a bakin bututu kamar harshen kyanwa. Ya bi gida gida yana shela. Ya ce bana Hatin-Tumus, baɗi gunduma, baɗin waccan za mu riƙa sayar wa kudu wuta, su kuma su riƙa aiko mana da 'ya'yansu koyon aiki. Suwodar, wanda da ya ce babu ruwansa, da ya ga wutar sai ya tuna cewa tun farko shi ya ba da ƙwarin gwiwa. Ya buga waya gunduma ya ce ƙauyensa ya gano hanyar rabuwa da dizal. Aka ce za a turo babban mutum ya gani.

Aka sa bikin da tsakar rana, lokacin da rana take zama ja a bakin daji. Sai aka rasa inda za a tsayar da baƙo, don ko'ina dusa ce. Ohonos ya nuna tudun rumbu. Fili ne a share, ga ɗumi yana ratsa tafin takalmi. Aka kori karnuka, aka shimfiɗa katako, aka kafa sanda da ƙwan lantarki a samanta, aka ajiye ɗan ƙaramin injin da ya haɗa da bututun.

Motar gunduma ta iso. Baƙon ya fito, dogo mai tumbi, cikin doguwar rigar fata da ta kai idon sawu da hular da ta fi kan maraƙi girma. Daga ɗaya ƙofar kuma wata ta fito da ƙunshin tsaraba a hannu. Balbara ce. An rage mata hanya.

Ta tsaya a bakin farfajiya. Ta dubi baƙar ƙasar da ke tururi. Ta dubi bututun hayaƙi. Ta dubi turken da ya karkata. Sannan ta dubi mijinta, wanda ya riga ya hau katako yana gyaran murya.

"Ohonos, ina mabuɗina?"

"Tsohuwa, barka da hanya. Yaya jaririn? Ana taro, a bari a gama."

"To. A gama."

Okulina ta hura 'yar wutar itace, ta jefa mata waina da man shanu kamar yadda ake yi idan za a fara sabon abu. Suwodar ya yi jawabi a kan hangen nesansa. Baƙon ya yi jawabi a kan hangen nesan gunduma. Ohonos ya yi jawabi a kan madatsar ruwa, har gashin bakin mutane ya yi fari da raɓar numfashi. Sannan ya naɗe igiyar inji a hannu ya ja. Injin ya yi tari. Ya sake ja, ya yi atishawa. A ja na gaba ya kama, yana karkarwa kamar mai zazzaɓi, ƙwan da ke kan sanda ya yi ja, ya yi rawaya, ya haska.

Gaskiya ɗaya ce, ya haska. Na gani da idona. Muka tafa da safar hannu, tafin ya fito kamar ana dukan matashin kai.

Mu kuwa a wurinmu farin ciki ba ya cika sai an yi rawar da'ira. A saƙala hannu cikin hannu, a zagaya ta inda rana take bi, mutum ɗaya yana ba da waƙa saura suna amsawa, kowa yana buga ƙafa a ƙasa lokaci ɗaya. Ohonos ya saƙalo baƙo da dama, Suwodar da hagu, ya ɗaga murya. Mutane suka hau tudun suna shiga layi. Waƙar da ya ƙaga nan take ce, a kan wani gwarzo da ya tatsi rana daga gindin saniya, mu kuma muna amsawa, don a rawar nan duk abin da mai bayarwa ya faɗa sai ka maimaita, ko da ƙarya ce.

Balbara ta taka a hankali ta kama hannun Okulina. "Inna, zo nan kusa da ni. Ƙafarki ba ta son rawa yau." Ta jawo mata biyu masu ciki, ta kira yara ta ce su zo ta ba su alewar birni. Ta tsayar da su can jikin garke. Sannan ta harɗe hannu.

Kirgelai, da ke kusa da ni a layi, ya ce, "Kai, ni ne nake gajarta, ko sandar fitilar ce take tsawo?"

Ba sandar ba ce. Ƙasar ce take tafiya da mu, a hankali, cikin ladabi, kamar mai saukar da baƙo daga doki. Mu na gefe muka saki hannu muka yi tsalle baya. Na tsakiya kuwa, da yake Ohonos ya riƙe su gam yana kan baiti mafi daɗi, ba su samu sakin juna ba. Rufin rumbu ya buɗe baki ya ce bismillah. Katako, inji, sanda, injiniya, shugaba da baƙo suka tafi tare, ganguna suka kife, wani tururi ya taso wanda har yau idan na tuna shi sai na ajiye cokali.

Muka leƙa. Ba wanda ya ji ciwo, don abin da suka faɗa ciki laushi gare shi, ga ɗumi. Su uku suna tsaye har ƙirji a cikin wata miya da ba a taɓa dafa irinta ba: balbak ɗin ƙauye guda, da narkakkiyar ƙasa, da abincin bazararmu. Kifaye suna yawo a sama ciki a buɗe. Haƙarƙarin Okulina ya zo ya tsaya a gaban baƙo kamar an miƙa masa. Fatar dokin ma tana nan, tana shawagi, ta gama aikinta.

"Kada kowa ya tsorata," in ji Ohonos daga ƙasa. "Wannan yana faruwa a gwajin farko. A madatsar ruwa ma..."

"Fitar da ni daga nan," in ji baƙon, da wata murya siririya da ba ta dace da hularsa ba.

Aka zura igiya aka jawo su. Nan sanyi ya karɓi aikinsa. Kafin baƙon ya taka taku biyar, rigarsa ta sandare. Ya tsaya hannuwa a buɗe kamar abin korar tsuntsaye a gona, ba ya iya lanƙwasa ko gwiwa. Aka so a sa shi a mota, ya ƙi shiga ta kowace fuska. Dole aka kwantar da shi a kan amalanken da ake kwasar balbak, don shi ne a kusa, aka ja shi zuwa ɗakin wanka mai zafi don ya narke, Suwodar a bayansa a kan wani amalanken yana rantsuwa cewa shi tun farko bai yarda da wannan aiki ba. Karnuka kuwa suka yi bikin da jikokinsu za su riƙa ba da labari.

Aka bar Ohonos tsaye a bakin ramin, ya daskare da hannu ɗaya a sama. Dariyar ta ɗan lafa, don kowa ya fara lissafin abin da zai ci idan zafi ya zo. Okulina ta zauna a kan dusa tana kallon inda haƙarƙarinta ya nutse. Balbara ta zo gaban mijinta, ta sa hannu a wuyansa, ta fasa ƙanƙarar da ta kama igiyar, ta zare mabuɗin. Ta dube shi, ta dubi ramin da ba shi da sauran ƙofa, ta mayar masa da shi.

"Riƙe. Na sabon ne."

"Wane sabo?"

"Wanda za ka haƙa. Ɗaki biyu, da matakala, kamar na babana. Dukushin da godiyoyinka za su haifa bana kuma na mutanen layin nan ne, har sai kowa ya ce ya ƙoshi. Kafin nan, Baƙa ta san da zuwanka."

"Tsohuwa, amma dai kin ga ya haska."

"Na gani. Har na ga fuskarka da kyau. Ban taɓa ganinta haka ba."

Washegari da hantsi muka ji ƙugin manyan motoci a kan kogi. Dizal ya iso. Aka dawo da wuta dare da rana, Okulina ta gano wanda ya sace jaririyar, ta ce ita dama shi take zargi.

Bazarar nan mun ci ta da ƙananan kifin tafki da madara, kowa ya ƙara huda a ɗamararsa. Amma kafin ta zo, Ohonos ya fara haƙa. A ƙasarmu ba a haƙa rami da ƙarfi. Wuta ake hurawa a kan wurin, ta narkar da ɗan abin da ta narkar, a kwashe, a sake hurawa. Duk wanda ya wuce sai ya tsaya ya yaba, don a karon farko an ba mutumin aikin da ya nuna ƙwarewa a kai. Shi kuma yana daga cikin rami yana bayani cewa a duk faɗin arewa babu wanda ya taɓa narkar da rumbu guda cikin wata ɗaya, kuma yana sa ran za a zo koyo.

Kirgelai yana da hannu wajen sassaƙa. Kowane hunturu yakan gina zakara ko doki da ɗanyen balbak a ƙofar gidansa, sanyi ya ƙame shi. A wannan karon ya gina mutum, tsayinsa ɗaya da Ohonos, da hula, da tumbi, da hannu ɗaya a sama riƙe da mataccen ƙwan lantarki. Ya kafa shi a mashigar ƙauye. Muka taru muna jiran Ohonos ya zo ya yi faɗa.

Ya zo, ƙafafunsa duk taɓo, yana warin garke. Ya zagaya gunkin sau biyu. Ya ja da baya ya ƙare masa kallo. Sai muka ga idonsa ya kawo ruwa.

"Hancin ya ɗan yi girma," ya ce. "Amma ba komai. Ku faɗa mini, a duk gundumar nan, wane injiniya aka taɓa yi wa gunki yana raye?" Ya juya wajen matarsa, da ke wucewa da shanu za ta kai su ruwa. "Tsohuwa, kin gani? Sunana ya zauna. Wannan zai daɗe ana tunawa da shi."

Balbara ta dubi gunkin, ta ɗaga kai ta dubi rana, wadda ta fara daɗewa a sama har tana ɗiga ruwa daga bakin rufi.

"Za a tuna da shi kam," ta ce. "Bari zafi ya ɗan ƙaru, har na ƙauyen gaba sai sun san kana nan."